Kafin a zuba kankare, a fara gwada zafin ginin a kwamfuta

A azumin shekarar 2024 na je shan ruwa gidan wani yayana da bai daɗe da tarewa a sabon gidansa ba, a wata unguwa da ke bayan garin Kano. Gida ne da duk wanda ya gani sai ya yi masa barka: baƙin kwano irin na yayi, silin na POP, tayil ko'ina, ga wata ƙatuwar tagar gilashi a falo tana fuskantar yamma. Ya shafe shekaru yana tara kuɗin wannan gini. Amma da aka kira Magariba, a tsakar gida muka shimfiɗa tabarma, domin falon ba ya zaunuwa. An ɗauke wuta tun kafin La'asar, bango sai huci yake kamar an hura wuta a bayansa. Na ce masa, "Yaya, to ina amfanin wannan falon?" Ya yi dariya ya ce in bari sai damina. Daga baya ya shaida mini cewa ya nemi a yi masa lissafin sola da batir da za su ɗauki AC biyu, kuma kuɗin da aka yanka masa sun isa a sayi wani filin.

A cikin wannan azumin ne, ranar 3 ga Afrilu, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit. A wannan rana kuma aka auna zafin da ya kai digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyos a garin Kayes na ƙasar Mali. Zafi na ƙaruwa a yankinmu na Sahel, kuɗin sanyaya ɗaki na ƙaruwa, mu kuma muna ci gaba da gina gidaje da ofisoshi da asibitoci da ba sa zaunuwa sai da na'ura.

Abin da ya fi damuna shi ne, matsalar falon yayana ba ta buƙatar a gama gini kafin a gano ta. Akwai manhajojin kwamfuta da aikinsu ke nan: a ba su zanen gini, su faɗi yadda zafinsa zai kasance da yawan wutar da zai sha, tun ba a haƙa harsashi ba. Wasu daga cikinsu ma kyauta ne. A nawa ra'ayin, lokaci ya yi da gwada gini a irin waɗannan manhajoji zai zama sharaɗi ga duk wani babban gini, musamman wanda za a yi da kuɗin jama'a, sannan a fassara abin da aka koya zuwa harshen da birkila da mai gida za su fahimta.

Yadda manhajojin ke aiki

Ba wani siddabaru ba ne. Mai zanen gini ko injiniya zai shigar da siffar ginin: tsawo da faɗin kowane ɗaki, inda kowane bango ya fuskanta, girman tagogi, irin bulo da kaurinsa, irin kwano da launinsa, da ko akwai silin da makarin zafi a ƙarƙashin rufi. Zai faɗa wa manhajar mutum nawa ne za su zauna a ciki, ƙarfe nawa ake kunna fitila da fanka da AC, ƙarfe nawa ake kashewa. Sai ya haɗa da kundin yanayin garin, wanda ke ɗauke da zafi da laima da iska da hasken rana na kowace awa cikin awoyi 8,760 na shekara. Daga nan manhajar za ta bi shekarar awa bayan awa, tana lissafa zafin da ya shigo ta rufi, wanda ya shigo ta gilashi, wanda bango ya ajiye da rana ya sake da dare, da wutar da za a ƙona kafin a kore shi.

Amfanin ya fi fitowa idan aka fara sauye-sauye. A juya gidan tagar falo ta kalli kudu, a sake gwadawa. A mayar da baƙin kwano fari, a gani. A ƙara baranda mai faɗin mita ɗaya, a rage girman taga, a sa makarin zafi a saman silin. Kowane sauyi mintoci kaɗan yake ɗauka a kwamfuta, ba ya cin buhun siminti ko ɗaya. Bayan an zuba dakin kuwa, gyaran kuskure ɗaya sai ya lashe miliyoyi, wani kuma ba ya gyaruwa har abada.

Fitacciya a cikin manhajojin ita ce EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ɗauki nauyi, aka fara fitar da ita a 2001, kuma kowa na iya sauke ta kyauta. Tana da wuyar sha'ani ga sabon shiga, shi ya sa aka ƙirƙiro wasu da ke hawa kanta su sauƙaƙa aikin, irin su OpenStudio, ita ma kyauta, da DesignBuilder ta wani kamfani a Ingila wadda ake biya. Akwai kuma EDGE, ta hukumar IFC da ke ƙarƙashin rukunin Bankin Duniya, wadda aka tsara domin ƙasashe masu tasowa. Ita a intanet ake shiga, a zaɓi gari da nau'in gini, a riƙa zaɓar gyare-gyare, tana nuna yawan wutar da za a rage, ƙarin kuɗin da gyaran zai ci, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Ginin da ke neman shaidar EDGE sai ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 a wuta, da ruwa, da kuma abin da aka ɓatar wajen sarrafa kayan ginin. Ga gine-ginen da suka riga suka tsaya kuwa, akwai irin su RETScreen ta gwamnatin Kanada, da ke taimakawa wajen bibiyar abin da gini ke sha wata bayan wata da auna ko wani gyara zai biya kuɗinsa.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Mu ɗauki lissafi mai sauƙi. AC da ke jan kilowat ɗaya, idan ta yi awa takwas tana aiki, ta sha yunit takwas. A farashin Naira 225, Naira 1,800 ke nan a rana, Naira 54,000 a wata. Ofishi ko asibiti mai irin wannan AC guda ashirin zai biya sama da Naira miliyan ɗaya a wata kan sanyi kaɗai, ba a zo maganar dizal ba idan aka ɗauke wuta. An ɗan rage farashin daga baya a cikin 2024, amma ya tsaya sama da Naira 200. Shi ya sa muke ta jin jami'o'i da asibitocin koyarwa suna kukan cewa kuɗin wuta ya fi ƙarfinsu. Kowa yana magana kan farashin yunit, ba kasafai ake tambayar dalilin da ya sa ginin yake buƙatar yunit masu yawa haka ba.

Haka abin yake ga masu komawa sola. Girman faranti da batir da inbata da mutum zai saya ya dogara ne kan yawan abin da gidan ke ja. Gidan da rufinsa ke zuba zafi cikin ɗaki zai buƙaci babbar AC, babbar AC za ta buƙaci ƙarin batir, batir kuma da dala ake shigo da shi. Duk yunit da aka rage tun a zane, an rage shi ne daga bil ɗin kamfanin wuta, da tankin janareta, da kuɗin batir gaba ɗaya.

Batun ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ce gine-gine ne ke cin kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi a duniya. A rahotonta na 2018 kan sanyaya ɗakuna, ta yi hasashen cewa yawan na'urorin AC zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Bambancinmu da ƙasashe masu arziki shi ne, su galibin gine-ginensu sun riga sun tsaya, gyara suke yi. Mu kuwa yawancin gidajen da jikokinmu za su zauna ciki ba a gina su ba tukuna. Dubi yadda Kano da Kaduna da Abuja da Yamai suke faɗaɗa kowace shekara. Duk gidan da aka gina ba daidai ba yau, za a shekara arba'in ko hamsin ana biyan kuɗin kuskurensa.

Rana ma tana da nata lissafin da ya bambanta da na Turai. Kano tana kan kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Da tsakar rana, rana kusan a tsakiyar ka take, don haka rufi ne ya fi shan duka. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ma, ranar tsaka takan karkata ne ta arewa, abin da ba ya faruwa a Landan ko Balin. Bangon gabas da na yamma kuwa suna shan rana a kwance, ta shigo kai-tsaye ta taga, kuma ta yamma ta fi muni saboda tana zuwa ne lokacin da iska ta riga ta yi zafi. Wanda ya kwafo zanen bene mai gilashi daga ƙasar da ake neman rana ta shigo ɗaki, ya dasa shi a Sakkwato ko Maiduguri, ya gina wa kansa tukunya ne. Manhaja za ta nuna masa wannan da alƙaluma kafin ya biya kuɗin gilashin.

Doka tana nan, aiki da ita ne babu

Mutane da yawa ba su san cewa Najeriya tana da kundin ƙa'idojin tsimin wuta a gine-gine ba. A watan Agustan 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje, ƙarƙashin Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da shi tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus da Tarayyar Turai. Kundin ya ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai an yi musu inuwa, a sa makarin zafi a rufi, a taƙaita ƙarfin fitilu, a kuma yi amfani da AC mai inbata. An yi ƙiyasin cewa bin waɗannan zai rage kimanin kashi 40 cikin 100 na wutar da gini ke sha. Ya kuma ba da hanya biyu: ko dai a bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, ko a kawo sakamakon gwajin kwamfuta da ke nuna ginin bai wuce abin da aka yarda ya sha ba.

To amma izinin gini ba a hannun gwamnatin tarayya yake ba a jihohi. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan sai hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna sun ɗauki kundin sun mayar da shi sharaɗi kafin ya yi tasiri. Duk wanda ya taɓa neman izinin gini ya san irin takardun da ake nema: shaidar fili, zanen gini, lissafin ƙarfe da ginshiƙai. Ana tambayar ko ginin zai tsaya, kuma daidai ne a tambaya. Ya kamata a ƙara da tambayar ko zai zaunu a watan Afrilu.

Inda manhajojin ke da rauni

Ba zan ce waɗannan manhajoji ba su da aibi ba. Na farko, abin da ka ba su shi za su dawo maka da shi. Idan ka shaida wa manhaja cewa ana kashe AC ƙarfe biyar, alhali masu gadi suna kwana da ita a kunne, lissafin ya rushe. Ko a Turai masana sun daɗe suna kokawa kan tazarar da ake samu tsakanin abin da kwamfuta ta yi hasashe da abin da mita ta nuna bayan an shiga gini. Maganin wannan shi ne a koma bayan shekara ɗaya a kwatanta hasashe da bil, a gyara lissafin gaba.

Na biyu, an ƙera yawancinsu ne a ƙasashen da wuta ba ta yankewa. Tambayar da suka saba amsawa ita ce yunit nawa za a ƙona a riƙe ɗaki a digiri 24 duk shekara. Tambayar da ta fi mana muhimmanci daban ce: idan aka ɗauke wuta ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ko babban layin ƙasa ya faɗi kamar yadda ya saba, zafin ɗakin haihuwa ko ajin 'yan firamare zai kai nawa, kuma awa nawa a shekara zai wuce abin da jiki ke iya ɗauka? EnergyPlus tana iya amsa wannan idan aka gwada ginin ba tare da AC ba. Sai dai sai wanda ke zaune gaban kwamfutar ya san ya kamata ya yi tambayar. A ganina, wannan gwajin ne ya fi cancanta a wajabta a asibitoci da makarantunmu.

Na uku, kayan gininmu. Jerin kayan da ke cikin manhajojin na Amurka da Turai ne. Bulonmu mai rami na inci tara da ake bugawa a bakin titi, da tubalin ƙasa, da silin na roba, sai an auna yadda suke ɗaukar zafi an shigar da su. Wannan aikin Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya ne, NBRRI, tare da jami'o'i. Ita kuma Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, ya kamata ta fitar da kundin yanayi na kowane babban gari a buɗe, ɗalibi ya sauke ba tare da rubuta takardar roƙo ba. Yanayin Jos ba na Nguru ba ne, na Legas kuma ba na Katsina ba ne.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, mu koma ginin ƙasa irin na kakanni kawai. Ina girmama wannan ra'ayi. Katangar tubali mai kauri, da soron azara, da zaure, da ƙananan tagogi, da tsakar gida mai bishiya, duk dabaru ne na jure zafi. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san bambancin. Amma gaskiya ita ce bango mai kauri yana ajiye zafin rana ne ya sake shi da dare, shi ya sa ko a da mutane suke fita waje su kwana a lokacin bazara. Dabarar tana aiki sosai idan dare na yin sanyi kuma iska na ratsa ɗaki. Manhaja ce za ta nuna kaurin da ya dace da girman tagar da za ta fitar da zafin da dare. Masu zanen zamani sun nuna ana iya haɗa biyun. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin yadda iska za ta ratsa tsakani. Mariam Issoufou ta Nijar ita ma ta yi amfani da bulon ƙasa da aka matse a masallacin Dandaji. Abin da zai sa mai kuɗi a Kano ya yarda da irin wannan shi ne a nuna masa alƙaluma, ya ga Naira nawa zai rage a shekara.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce, yawancin gidajenmu ba mai zanen gini ne ke zana su ba. Mai gida da birkila ne suke tsayawa a fili su ja layi a ƙasa. Wa zai buɗe musu EnergyPlus? Kuma idan aka wajabta wa kowa, ba wata ƙofar karɓar na goro aka buɗe wa ma'aikata ba? Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa ba na goyon bayan a ɗora wa mai ɗaki biyu wannan nauyi.

Abin da ya kamata a yi

A fara da gwamnati. Duk asibiti, makaranta, sakateriya ko rukunin gidaje da za a gina da kuɗin jama'a, kada a ba da kwangila sai an haɗa da rahoton gwaji mai nuna yunit nawa ginin zai sha a shekara da kuma zafin ɗakunansa idan babu wuta. A wallafa rahoton kowa ya gani. TETFund kaɗai, da ke gina ɗakunan karatu a manyan makarantun ƙasar nan, idan ta sa wannan sharaɗi za a ga sauyi. Daga nan sai manyan gine-ginen 'yan kasuwa: otal-otal, manyan shaguna, da rukunin gidajen sayarwa, inda mai ginawa daban, mai biyan kuɗin wuta daban.

Sai koyarwa. Sassan zanen gine-gine da fasahar gini a kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'inmu suna koyar da AutoCAD da Revit, ɗalibai suna fitowa sun iya zana gida mai kyan gani. A ƙara musu zango ɗaya na gwajin zafi da wuta. Tunda manhajar kyauta ce, abin da ake buƙata shi ne malami da kwamfuta. Sana'a ce kuma da matashi zai ci abinci da ita, domin duk mai otal ko asibitin kuɗi da bil ya dame shi zai biya wanda zai nuna masa inda wutarsa ke zurarewa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar talaka. Gidajenmu ba su da nau'i da yawa: ciki da falo, ɗaki biyu ko uku da falo, gidan haya mai ɗakuna a jere, shago, aji. Sashe ɗaya a jami'a zai iya gwada waɗannan a yanayin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Zariya, ya fitar da sakamakon a takarda ɗaya da Hausa: ina ya kamata dogon bango ya kalla, wane launin kwano, baranda mai faɗin nawa, tagar yamma kada ta wuce kaza, ga abin da za a shimfiɗa a saman silin da kuɗinsa. A raba wa ƙungiyoyin magina da kafintoci da masu sayar da kwano, a karanta a rediyo. Birkila ba ya buƙatar ganin manhajar, sakamakonta yake buƙata.

Yayana bai yi ganganci ba. Ya sayi kwanon da ya ga ana yayi, ya sa tagar da ya gani a gidajen manya, kuma cikin duk waɗanda ya biya kuɗi a wannan gini babu wanda ya ce masa ya dubi inda rana ke faɗuwa. A bana ya sa an yi wa tagar rumfa, ya dasa darbejiya biyu a yammacin gidan, yana kuma tara kuɗin makarin zafi. Falon ya ɗan fara zaunuwa da yamma. Kwanon kuwa yana nan baƙi, domin sauya shi ya fi ƙarfin aljihunsa a yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gini kuma tun yana kan takarda.